Baƙuwar da Ba a Buɗe wa Jaka

Tokar, bayan la'asar.
Ina zaune kan kunya ina ƙirga abin da ya saura:
kara, kara, kara,
sai zangarniya uku da Allah ya ɓoye ƙarƙashin tsohon buhu.

Jiya war haka geron nan yana rangaji.
Da duhu ya taso daga wajen teku
jikata Kuluwa ta daka tsalle, wai hadari ne.
Hadari mai haƙora.
Muka kaɗa garwa, muka kaɗa faranti, muka ƙona tsumma,
na yi ihu har muryata ta koma ta ɗan tsako.
Kafin ladan ya gyara murya
sun side kwano.

Ohaj mai motar feshi ya iso da hantsi,
mota na tari, tanki rabi.
Ya tsuguna ya ɗauki matacciya guda,
ya juya ta a tafin hannunsa.
Ya ce, "Baffa Nomau, wannan ba 'yar nan ba ce.
Ruwa aka yi a wani rairayi, can ƙetaren Bahar Maliya,
uwarta ta binne ƙwai.
Wanda ya gani ba shi da waya,
mai waya ba shi da fetur,
mai fetur yana jiran takarda
daga hannun wani da ke gaba da maƙwabcinsa."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Kakana ya baro Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka.
Shekara bakwai yana tafe,
duk inda ya tsaya sai an kwance masa ƙunshi,
an tambayi sunan ubansa da na garinsu.
A Sawakin guzuri ya ƙare, ya zauna, aka same mu.
Ita kuwa wannan, da ba ta kai ɗan yatsana ba,
ta haye tekun ko alwala ba ta sake ba,
babu wanda ya ce ta buɗe jaka.

To, me ma ke nawa a nan?
Ruwan da ke jiƙa gonar baƙo ne,
kan duwatsun Iritiriya ake zuba shi,
Baraka ya ɗauko mana har da laka.
Tarin da ya ɗauke matata, a jirgi ya sauka.
Zafin da ke ƙaruwa kowace bazara,
ban ga murhun da aka hura shi ba,
amma ni nake gumi.

Ku masu zama a dogayen tebura,
kowa da 'yar tutarsa a gabansa
kamar yara sun kafa wa gona alama,
na ji ana cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta
ka shafa wa naka ruwa.
Ni dai da na kwana cikin toka na ce:
ɗauki ruwan ka kai can.
Iska ba ta san gemun wane ba.
Cokali guda a kan ƙwai
ya fi tanki goma a kan fiffike.

Kuluwa ta tsinto cikin ƙwarya, ta soya da yaji.
Na tauna ɗaya, na ji ɗanɗanon gerona
da na wasu gonaki da ban san harshen masu su ba.

Yanzu garken ya karkata kudu.
Na ce wa Ohaj, "Akwai mutum a gaba?"
Ya ce akwai, amma bayan iyaka ne.
Na ce, "Yana da gero?"

Ga shi can bisa rufin motarsa,
ya miƙa waya sama kamar mai roƙon ruwa,
yana neman layi.